Gida na Tara a Tablon Ruwa

Ni ne Luƙman, autan Mushe Mani na Ɗan Kassari, kuma duk wanda ya san mahaifina ya san ba a kasuwa na sayo taurin kaina ba. Shekara talatin ya yi yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe, laƙabin malamin makaranta a wurinmu. Kunnensa ya yi nauyi tun kafin ya ajiye alli, har ta kai waya ba ta yi masa amfanin komai, sai dai a tsaya gabansa a ɗaga murya, ko a rubuta masa a takarda.

Inna ta rasu ina Yamai ina karatun na'ura mai ƙwaƙwalwa, ban samu jana'izarta ba. Da na iso gida, yayata Hamsatu ta ja ni gefe ta ce Inna ta bar mini saƙo a bakin Baba. Ita ma ba ta ji shi ba, domin Inna ta sa an fitar da kowa daga ɗakin kafin ta faɗa. Baba ya ce zai gaya mini bayan sadakar arba'in, idan hankali ya kwanta.

A wannan lokacin na fara zama da samarin masallacin unguwarmu a Yamai, ina jin ilimi har wuya. Ranar arba'in, dattawan gari sun cika ƙofar gida ana raba masa, sai na miƙe na ce wannan taro bidi'a ne, babu abin da zai kai wa Inna. Ba zan shiga gardamar ko na faɗi daidai ba, malamai suna nan suna yinta. Abin da na sani yanzu shi ne ko gaskiya tana da wurin faɗi, kuma ba a kan tabarmar mutumin da ya binne matarsa ba ne. Abin da ya ƙara ɓata lamarin, Baba bai ji abin da na ce ba. Sai da wani maƙwabci ya sunkuya ya maimaita masa da ƙarfi, kalma bayan kalma, kowa yana saurare a karo na biyu.

Tun daga ranar ya daina kirana Auta, na koma Malam. In na je gida na durƙusa na gaishe shi, sai ya ce, "Lahiya lau, Malam," ya juya ga rediyon da ba ji yake yi ba. Saƙon Inna kuwa ya kulle shi a cikinsa. Ni ma na ƙudurta ba zan roƙa ba, duk da babu ranar da ba na tunanin me ta ce. Haka muka ci shekara biyu, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara.

Da na gama karatu na samu aiki a Dogon Dutsi, a biro, wato ofishin wata ƙungiyar manoma. Ƙungiyar tana da ma'aunin ruwan sama a garuruwa ashirin da uku, tun daga wajen Kore Mairuwa da Tibiri har zuwa namu yankin. Kowane gari da wakilinsa da wata tsohuwar na'urar ɗauka a hannu. Wakili yakan rubuta abin da ya gani kullum a tablo, wato jadawalin da ke cikin na'urar, ranar Litinin ya aiko shi biro, da shi ake sanin inda ruwa ya yi jinkiri da inda fara ta sauka. Wakilin Ɗan Kassari, tun da ya bar koyarwa, shi ne Baba. Na san haka kafin in nemi aikin, kuma ba zan ce bai shiga cikin dalilina ba.

Manhajar da ke wannan aiki ta haura shekara goma sha biyar. Wanda ya rubuta ta ya bar ƙasar tun tuni, bai bar ko takardar bayani guda ba. Rabinta tana zaune a ƙananan na'urorin ƙauyuka, rabi a babbar na'urar biro wadda muke ce wa uwa. Tablon kansa ba abin tsoro ba ne. Kowane layi rana guda ce, kowane layi kuma gida tara gare shi: sunan gari, kwanan wata, yawan ruwa, halin gero, ko an ga fara, da sauransu. Ciwon yana wajen yadda ake ɗaure shi a aika. Duk Litinin 'yar na'urar takan kwaso tablon gaba ɗaya tun daga ruwan farko, ta maimaita sunan kowane gida a kowane layi, ta kuma cike duk inda ba a rubuta komai ba da fili, wanda shi ma sai an ɗauke shi a kan rezo, wato layin sadarwar waya. Kamar mutum ne zai nuna maka sabon dami guda, sai ya ɗauko rumbun dukansa a ka. Rezon ƙauyukanmu kuwa kowa ya san halinsa. Wakili zai hau tudu ya zauna cikin rana minti arba'in, a minti na talatin da tara rezo ya yanke, a koma farko. Darakta ya ce mini in na warkar da wannan, na gama musu komai.

Mako shida na yi a kai, kuma ko yanzu da nake jin haushin kaina ba zan ce aikin bai yi kyau ba. Na sa sunayen gidaje su tafi sau ɗaya tak a goshin saƙo. Na sa sababbin layuka kaɗai ake aikowa. Lamba ta riƙa tafiya a matsayin lamba maimakon jerin haruffa. Na yanka saƙon ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da hatiminsa, in ɗaya ya lalace a hanya shi kaɗai za a sake turowa. Idan uwa ta karɓi komai, sai ta mayar wa 'yar na'urar da nata kwafin ya hau kan tsohon, don kada su saɓa, sannan wani ɗan ɗigo a kusurwar allo ya yi kore. Wannan koren ni na ƙirƙiro shi, kuma na yi ta nuna wa mutane shi kamar sabon ango da agogo.

Saura gida na tara. Sunansa Remarques, wato ƙarin bayani, faɗinsa harafi ɗari biyu, shi kaɗai ya kusa rabin nauyin saƙon. Na buɗe tsofaffin tablo don in ga abin da ake zubawa a ciki, sai na ga gaisuwa. "Muna gaida mutanen biro." "Ya gajiyar azumi." "Matar wakilin Tibiri ta sauka lahiya, namiji." "A ce ma direba ya taho muna da batir." Shekara da shekaru, babu wani abu sai irin wannan.

Na je wurin Madam Altine, matar da ke karɓar tablon tun ranar da aka kafa manhajar. A watan take shirin ajiye aiki ta koma Dosso wurin 'ya'yanta, har ta fara kwashe kofunanta daga kan tebur.

"Madam, gidan nan na tara, akwai rahoton da ke amfani da shi?"

"Rahoto? Babu," in ji ta. "Mutane ne ke amfani da shi."

Na ce ban gane ba.

"Ɗana, mutanen ga ba su tura ɗan aike babu gaisuwa, kunya ce gare su. Su kuwa na'urar ga ɗan aike ce. Ni ina karantawa duk Litinin, in ba direba amsa ranar da zai zaga."

"Madam, c'est une base de données, ma'ajiyar bayanai ce, ba dandali ba ce."

Ta dube ni ta saman tabaranta na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba da naɗe kofi a jarida. "To," ta ce, "kai ne ka yi karatu."

Ga abin da ban gaya mata ba. A cikin waɗannan tsofaffin tablo na ga layukan Ɗan Kassari, kuma babu Litinin ɗin da Baba bai rubuta ba: "Mani na gaida Madam Altine da iyalinta da duk ma'aikata." Shekara biyun da yake ce mini Malam, yana da bakin gaida matar da ba su haɗa komai ba. Abin ya ƙona mini rai fiye da yadda ya kamata. Da na cire gida na tara daga cikin abin da ake aikowa, na ce wa darakta don sauri ne, kuma gaskiya ne, sai dai ba ita ce gaskiyar duka ba.

Na so in cire akwatin rubutun daga allon ma, amma da na taɓa shi sai manhajar ta ƙi buɗewa ɗungum. Tsohuwar manhaja katangar laka ce, ba ka sanin tubalin da ke riƙe da saura sai ka zare shi. Sai na bar akwatin a inda yake. Mutum zai iya rubutu a ciki, kawai dai babu inda rubutun ke zuwa. Na yi niyyar gaya wa wakilai, na ma gaya wa biyu ko uku na farko, suka yi mini kallon marar tarbiyya, sai na daina faɗa.

Kwana kaɗan bayan babbar Salla, ruwa ya fara sauka, na hau babur ina bin garuruwa ina saka sabon gyaran. Ɗan Kassari na bari ƙarshe. Na tarar da Baba a zaure, ya ɗauko na'urar a naɗe cikin wani tsohon zanen Inna. Na durƙusa na gaishe shi.

"Lahiya lau," ya ce. "Malam ya zo gyara muna bidi'ar na'ura?"

Na yi aikina, sannan muka hau tudun bayan lakwal inda rezo ke kamawa, shi a gaba ni a baya. Ya shimfiɗa buzunsa ya zauna zaman mai shirin daɗewa, ya danna. Bai gama gyara hularsa ba ɗigon ya yi kore.

"Ke nan?" ya tambaya.

Na gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon allon, kuma na ga alamar abin ya burge shi, ko da yake ya gwammace ya haɗiye harshensa da ya faɗa.

"Tunda Madam ta tahi, wa ke karɓa can biro?"

Na nuna ƙirjina.

"In ta yi kore, ya shiga hannunka ke nan?"

Na sake gyaɗa kai.

"Duka?"

Na ɗaga murya yadda zai ji. "Duka, Baba."

Ba zan ce ban tuna da gida na tara a lokacin ba, na tuna. Amma bayani da mai nauyin kunne a kan tudu cikin rana aiki ne, kuma na ce a raina ai Madam ɗin da yake gaisarwa ta tafi, me ya rage. Ya naɗe na'urar cikin zanen, muka sauko. Ko ruwa ban tsaya na sha ba, na ce ina da sauran aiki a Dutsi.

Damina ta yi kyau a wannan shekarar, aikina ma ya yi. Abin da ke cin minti arba'in ya koma ƙasa da minti guda. Wakilai suka daina ƙorafi, darakta ya riƙa kawo baƙi biro yana nuna musu ni. Duk Litinin da ƙarfe tara daidai layukan Ɗan Kassari suke shigowa, domin Baba bai taɓa makara ba ko a aji. Nakan bar abin da nake yi in buɗe su. Milimita sha huɗu, sifiri, talatin da ɗaya, gero ya yi kara, babu fara. Da haka nake sanin yana raye kuma yana iya hawa tudu. Ina jin daɗi, ina kuma jin haushi cewa ya san ni ne a wannan gefen amma ko ta bakin direba bai ce a gaishe ni ba. Wata uku ban taka gida ba. Na riƙa ba direba sukari da ganyen shayi ya kai masa, direba ya dawo ya ce an ce an gode.

Ranar wata Lahadi a ƙarshen damina, da hantsi, Hamsatu ta kira ni daga Kore Mairuwa inda take aure, tana kuka. Baba ya tafi duba gero ya faɗi a gona. Kafin a ɗauko shi a kan amalanken jaki ya cika. Na iso an riga an yi masa wanka. A karo na biyu na makara, wannan karon kuwa babu Yamai da zan laɓe a bayanta, tafiyar awa guda ce. A maƙabarta, ina zuba ƙasa, abin da ke yawo a kaina shi ne saƙon Inna ya shiga ramin nan tare da shi. Na ji kunyar wannan tunanin, amma shi ne ya zo.

Ranar Talata, bayan addu'ar uku, Hamsatu ta aiko a kira ni ɗakin Inna. Tun da na iso ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa. Ta rufe ƙofa ta zauna a bakin gado.

"Luƙman, wane irin dutsi Allah ya sa maka cikin ƙirji?"

"Yaya, me na yi kuma?"

"Sati goma sha uku tsohon ga shina rubuto maka, ko kalma guda ba ka maida mishi ba. Ko ka tsane shi, ai don Inna ka amsa."

Na ce ban ga wata takarda ba, direba bai ba ni komai ba.

"Wa ya ce maka takarda? Cikin na'ura. Wurin da yake gaida Madam da."

Na nemi bango na jingina. Ita kuwa ta ci gaba, ta ɗauka taurin kai ne ya sa na yi shiru. Ta ce mako biyu da suka wuce ta zo duba shi, ya nuna mata. Tun Litinin ɗin farko bayan zuwana ya fara. Wurin ba ya ɗaukar dogon rubutu, don haka kaɗan-kaɗan yake sakawa, duk mako ya ɗora daga inda ya tsaya. Ta tambaye shi me yake rubutawa, ya ce tsakaninsa da autansa ne. Ya sa ta rantse ba za ta kira ni ta roƙe ni ba.

"Na ce mishi, Baba, ƙila bai gani ba. Ya ce a'a, kai da bakinka ka ce mishi in ta yi kore ya shiga hannunka duka. Ya ce ma da ta yi kore rubutun nan ke ɓacewa daga wurin, alamar ka ɗauka. Ya ce in bar ka, kunya ce ta hana ka amsa, za ka zo."

Na san dalilin da ya sa rubutun ke ɓacewa. Kwafin uwa ne ke dawowa ya hau kan na ƙauye, kuma a kwafin uwa gida na tara fanko ne. Duk Litinin, a daidai lokacin da ɗigon ke yin kore, hannuna ne ke share abin da ya rubuta. Sai kuma wani abu ya faɗo mini: ya rasu Lahadi, bai aika na wannan makon ba.

"Yaya, ina na'urar?"

"Ma'u ya ɗauka ɗazu. Wai biro na jiran lissahin ruwan sati."

Ma'u shi ne sakataren ƙungiya na garinmu, manomi ne mai kiyaye amana, irin mutanen da in an ce su yi abu yau ba sa kai shi gobe. Na fita ko takalmi ban saka ba. Na ratsa ta tsakiyar masu zaman makoki a guje, dattawa suna bina da kallo, na san suna cewa yaron nan ya sake. A da, ko da ya danna, ina da minti arba'in da kuma fatan rezo ya yanke. Yanzu, albarkacin gwanintata, minti guda na rezo mai kyau ya isa ya shafe abin da ya rage mini.

Na hango shi a kan tudun bayan lakwal, zaune a gindin aduwa, na'urar a cinyarsa, zanen Inna a kafaɗarsa. Yana ganina ya fara ƙorafi. "Rezon ga yau ya ƙi, sau biyu ina dannawa." Na fizge 'yar sandar rezon daga jikin na'urar. Ɗigon bai yi kore ba. Rezon da na yi wata shida ina zagi, shi ne ya tsaya mini ranar.

Na zauna a ƙasa, ƙaya a tafin ƙafata ban ma ji ba sai daga baya, na buɗe tablon. Layukan baya duka gida na tara fari fat, mako goma sha uku. Na gangara zuwa layin ƙarshe, na ranar Asabar. Ɗan Kassari, milimita shida, gero ya nuna, babu fara. A gida na tara kuma ga abin da ke ciki:

"Auta, na sha huɗu ke nan. Saƙon innarka na ƙare maka shi makon jiya, ka riƙe shi da kyau. Ba sai ka amsa ba, kore ta ishe ni. In ka samu hanya ka zo yankan gero. Babanka."

Na karanta, na sake karantawa. Shekara biyu ban ji an ce mini Auta ba, ashe an faɗa sau goma sha uku ina zaune a biro ina duba milimita. Na yi kuka a gaban Ma'u irin wanda ban yi ba a maƙabarta. Bawan Allah ya cire zanen daga kafaɗarsa ya ajiye a gefena, ya koma nesa kaɗan ya tsuguna yana jira.

Na koma na gaya wa Hamsatu gaskiya duka, har da abin da na ɓoye wa Madam Altine. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Abin da ta ce kawai shi ne ta ji ana cewa abin da ya shiga na'ura ba ya ɓata, tunda ni na yi karatun, in je in nemo.

Na tafi da na'urar Dutsi. Mako uku ina tonon cikinta da duk dabarar da aka koya mini da wadda na roƙo wurin abokai a Yamai. A wurin uwa babu komai, tunda rubutun bai taɓa barin ƙauye ba. A cikin 'yar na'urar kuwa, sabon kwafi yana sauka ne daidai inda tsohon yake, kuma ya sauka sau goma sha uku. Na yi aikin da tsabta, ban bar ko ɓurɓushi ba.

Daga nan na mayar da gida na tara cikin abin da ake aikowa. Ban nemi izinin kowa ba, aikin rabin yini ne, tunda yanzu haruffan da aka rubuta kaɗai ke tafiya, ba fili ɗari biyu ba. Na auna bambancin a kan rezo mafi muni da na samu, sau uku don kada in yi wa kaina ƙarya. Daƙiƙa goma sha ɗaya ne. Abin da na yi wa manoman Arewa tsiminsa ke nan.

Na sake zaga garuruwan na saka gyaran, Litinin ta zo, na buɗe. Ashe ba su taɓa dainawa ba. Gari ashirin da biyu, kowane da rubutu a gida na tara. Yawancinsu ta'aziyya suke yi mini, suna cewa Allah ya jiƙan Mushe. Wakilin wani ƙauye a bayan Tibiri ya rubuta: "Wata huɗu muna gaisuwa ba amsa, lahiya dai mutanen biro?" Na zauna na rubuta wa kowane amsarsa da hannu, na ba direba.

Ranar arba'in ɗin Baba na je gida tun jajibiri. Geron da ya kira ni yanka ni da Ma'u muka yanke shi, da shi aka yi masar sadaka. Dattawa suka cika ƙofar gida kamar wancan karon. Na ga wasu suna satar kallona suna jiran in miƙe, na kuwa miƙe, na ɗauki faifai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina miƙa musu.

Bayan la'asar, mutane sun watse, Hamsatu ta same ni a zaure da ƙwaryar fura. Ta ajiye ta zauna a wurin da Baba ke zama.

"Ka samo?"

"Ban samo ba, Yaya."

"Ko kalma guda daga abin da Inna ta ce?"

"Ko guda."

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. "Mutum biyu sunka san shi," ta ce, "duka suna ƙasa." Sai kuma ta share ido, ta nemo abin da za ta rarrashe ni da shi, don ita haka take tun muna yara. "To, ka gode ma Allah da abu guda. Shi dai ya tahi da sanin ya sauke amanar Inna, ya ba ka saƙonka."

Na ce haka ne. Ban ƙarasa mata sauran ba, cewa ya kuma tafi da sanin na karanta maganar uwata ta ƙarshe, mako bayan mako har goma sha uku, na aiko masa da sukari.

Ta tura mini ƙwaryar ta ce in sha kafin ta tsinke.